Yawan mutanen ƙauyenku da maganar hanya: me za ku rubuta wa gwamnati?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu, a fadamar Haɗejiya ta wajen Guri. Tsakaninmu da kwalta kilomita 11 ne, kuma da damina ta zauna mota ba ta shigowa. Muna so mu kai koke a yi mana hanya, an ce sai mun faɗi yawanmu. Wasu na cewa mu rubuta 5,000, wasu na cewa ko 2,000 ba mu kai ba. A ina za mu samu adadi na gaskiya, kuma shi ne zai sa a yi mana hanyar?

Amsa: Malam sakatare, Allah ya yi jagora a wannan aiki da kuka ɗauko. Babu ofishin da za ka je yau a miƙo maka sahihin adadin mutanen ƙauyenku na bana, don haka ku da kanku za ku ƙirga. Sannan yawan kawuna shi kaɗai ba ya jawo hanya. Abin da ya fi nauyi a idon mai tantance koke shi ne abin da ke bin hanyar, da tsawon lokacin da take rufewa, da wurin da take yankewa. Kada ku rubuta 5,000 idan ba ku kai ba.

Ga dalilin da ya sa babu adadin. Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba da mutum 140,431,790 a ƙasa baki ɗaya, Jigawa kuma 4,361,002. An fitar da sakamakon jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, amma na ƙauyuka bai fito ba. Wadda ta sauko har kan gari da ƙauye ita ce ta Nuwamban 1991, watanni kaɗan bayan an cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk jami'in da ya ba ka adadin ƙauyenku, in ka bi diddigi, ko dai na 1991 ya ɗauko ya yi masa lissafin ƙaruwa, ko kuma daga ma'aikatan lafiya ya samo. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu sauƙi a nan, domin bayan ƙidayarsu ta 2012 hukumar ƙididdigarsu ta fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka, kowanne da yawan mutanensa.

Lissafin ƙaruwar ba wuya gare shi. Ana ɗaukan cewa jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100 a shekara, wato suna ninkawa cikin shekara 23 zuwa 24. A matsayin misali, ƙauyen da aka samu mutum 800 a 1991, bayan shekara 33 lissafi zai kai shi wajen 2,100. Sai dai wannan ma'auni na ƙasa ne gaba ɗaya, ba a yanka shi daidai da ƙaramin ƙauye ba. Ƙauyen da kwalta ta ratsa yakan zarce lissafin nesa ba kusa ba, saboda baƙi suna zuwa su kafa shago su zauna. Wanda ke can ciki kuwa haihuwa tana nan yadda take, amma samari suna fita, kuma a yankinku ambaliya takan tashi unguwa guda ta mayar da ita kan tudu a wani wuri. Ka ɗauki wannan adadi a matsayin abin kwatance kawai.

Akwai kuma batun lokaci, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A ƙidayar Najeriya ana rubuta mutum ne a inda aka same shi a ranakun ƙidaya. Ta 1991 ta faɗo a kaka, ana gida ana girbi. Ta 2006 ta faɗo a tsakiyar rani, lokacin da 'yan cin rani ke Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, almajirai kuma suna wajen malamansu. Ƙauyen tudu a watan Maris da ƙauyen nan a watan Agusta kamar gari biyu ne. Ku na fadama ma abin yakan juye: da rani ne leburorin shinkafa da alkama da tattasai ke shigo muku, masunta su sauka, Fulani su kafa ruga a bakin ruwa. Shi ya sa nake ba ƙungiyoyi shawara su riƙe adadi biyu, na mazauna na dindindin da na masu zuwa da tafiya, su rubuta duka biyun a fili.

Saɓanin da ke tsakaninku yana da tushe. A zamanin haraji da jangali, dagaci da masu unguwanni suna riƙe da jerin magidanta da balagaggun maza, kuma wanda ya samu dama sai ya ɓoye ɗansa ko saniyarsa don kada a aza masa kuɗi. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke harajin a tsohuwar jihar Kano bayan ta hau mulki a 1979. Daga baya abin ya juya, aka fahimci cewa da yawan jama'a ake rabon kuɗi da mazaɓu da rumfunan zaɓe, sai kowa ya koma ƙari. Dattijon da ke cewa ba ku kai 2,000 ba da matashin da ke cewa 5,000, kowannensu tarbiyyar zamaninsa ce ke magana.

Ƙirgar da za ku yi ba ta wuce aikin mako guda ba idan an tsara ta. A fara da dagaci da liman, su sanar a masallaci cewa ba haraji ba ne, ba kuma rabon tallafi ba ne, domin wanda ya zaci haraji zai rage, wanda ya zaci tallafi zai ƙara. A raba gari unguwa-unguwa, kowace da mai unguwarta da matashi guda mai rubutu da mace guda da za ta iya shiga cikin gida. Macen nan kada a raina muhimmancinta. Maigida yakan manta jariri, wani yana jin nauyin faɗin yawan 'ya'yansa mata, wani kuma al'ada ta hana shi ambaton ɗan fari, amma matan gida ba sa ɓata lissafin wanda ke cin tuwo. Ku bambanta gida da tukunya: ƙofa ɗaya tana iya ɗauke da uba da 'ya'yansa uku masu aure, wasu suna gandu tare, wasu kowa da tukunyarsa. A sa wa kowane gida lamba da alli ko gawayi, a rubuta tukwane nawa ne a ciki, a kowace tukunya maza nawa, mata nawa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa, 'yan makaranta nawa, su wa suka tafi cin rani, su wa suka yi ƙaura gaba ɗaya. Waɗanda suka yi ƙaura a ba su shafi daban. 'Yan gari ne, kuma su ne za su fi ba da gudummawar kuɗi, amma ba mazauna ba ne.

In kun gama, ku gwada abin da kuka samu da wasu ma'aunai. Ka je asibitin mazaɓarku ka nemi jami'in rigakafi. Tun zamanin yaƙi da cutar shan inna suna da taswirar kowane ƙauye da ruga, da adadin yaran da suke ɗiga wa magani, kuma a lissafinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne kashi 20 cikin 100 na jama'a. Idan suna samun yara 450 a garinku, kuna wajen 2,250 ke nan. Ka duba rajistar makarantar firamare da ta Islamiyya. Rajistar masu zaɓe ma tana taimakawa, amma da hattara, domin akwai mamata a ciki, da waɗanda suka tashi, da mutanen ƙauyukan kusa da ba su da rumfa. Idan ƙirgarku da ta masu rigakafi suka yi kusa da juna, to kun samu adadin da za ku iya karewa a gaban kowa.

Dalilin da ya sa na hana ku ƙari shi ne, yanzu mai tantancewa ba sai ya taka ƙauyenku ba. Yana zaune a Dutse zai buɗe hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta ya ƙirga rufin ɗakunanku. Da ya ga an rubuta 5,000 a garin da gidajensa ba za su ɗauki rabin haka ba, sauran abin da ke cikin takardar ma ya daina yarda da shi, har da wanda yake gaskiya ne tsantsa. In kuna son adadi mai nauyi, akwai halastacciyar hanya. Kilomita 11 ɗin nan ba ku kaɗai ke bin ta ba. Ku haɗa duk ƙauyuka da rugage da ke fitowa ta kanta, kowanne da sunansa da yawansa, dagatansu su sa hannu. Ma'aunin da Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi ma haka yake: mutum nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina. Hanyar da za ta fitar da ƙauyuka shida ta fi ta ƙauye ɗaya ƙarfin hujja, ko da ɗayan ya fi kowannensu girma.

Sai ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma, kuma irin taku tana cikin na ƙarshe. Tsarin mulkin 1999 ya sa gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Su ne suka fi kowa tsawon hanya a wuyansu, su ne kuma suka fi kowa ƙarancin kuɗi da kayan aiki. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, don haka kuna da bakin tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansilanku. Amma in za a faɗi gaskiya, sabuwar hanya mai tsawon kilomita 11 a cikin fadama ta fi ƙarfin yawancin ƙananan hukumomi. Wannan aikin jiha ne, ta ma'aikatar ayyuka, kuma ɗan majalisar jiharku ne zai tsaya ta shiga kasafi. Ku kai koken tun tsakiyar shekara, kafin a haɗa kasafin da gwamna ke gabatarwa a ƙarshenta. Takardar da ta iso a Janairu takan jira shekara guda.

An sha yin shirye-shirye na musamman don hanyoyin karkara. Gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI, hukumar abinci da hanyoyi da ayyukan raya karkara, a 1986, ta buɗe hanyoyin burji masu yawa, kuma da dama sun koma yadda suke bayan 'yan damuna saboda ba a tanadi mai gyara ba. A 2020 Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka shigo da shirin RAAMP, na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, a jihohi 13, ciki har da Kano da Katsina da Bauchi da Sakkwato da Kebbi. Abin lura a cikinsa shi ne yadda aka ɗaura hanya da kasuwa: ana fifita wadda ke fitar da amfanin gona, ana kuma neman jiha ta kafa hukuma da asusun gyara. Duk wanda zai saka kuɗi a hanyar karkara yanzu da irin wannan idon yake dubawa.

Don haka ku ƙirga abin da ke bin hanyar kamar yadda kuka ƙirga mutane. Ku zaunar da matasa biyu a bakin gari daga asuba zuwa magariba har kwana bakwai, a tabbata ranar kasuwa tana ciki. Su rubuta komai: babur, adaidaita sahu, amalanken shanu, jaki, keke, akori-kura, babbar mota, da masu tafiya a ƙafa da kaya a ka. A maimaita a watan Agusta. Bambancin da ke tsakanin ƙirgar rani da ta damina shi ne zuciyar kokenku. Ku haɗa da kuɗi: nawa ɗan acaɓa ke karɓa zuwa bakin kwalta da rani, nawa da damina, nawa ake ɗora wa buhun shinkafa, nawa ɗan kasuwa ke sayensa a ƙofar gidanku, nawa ake sayar da shi a Haɗejiya a wannan makon. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 wannan giɓi ya ƙara faɗi, kuma manomin da ke can ciki shi ke biyansa sau biyu, a taki da yake shigowa da shi da tsada, da amfanin da yake sayarwa da araha. Tattasai da tumatir da ɗanyen kifi kuwa ba sa jiran hanya ta bushe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin waɗannan ƙauyuka shi ne mace mai naƙuda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma ɗaya daga cikin jinkirin da ma'aikatan lafiya ke lissafawa shi ne na isa asibiti. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Ku tambayi ungozoma da ma'aikacin asibitin mazaɓa, ku rubuta sau nawa aka fitar da mara lafiya a amalanke ko a kwalekwale a daminar da ta wuce, da awa nawa aka yi kafin a kai babban asibiti, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ku rubuta makonnin da malaman makaranta ba sa iya shigowa. In kuna tsallaka ruwa, ku faɗa, domin haɗarin ba ƙarami ba ne. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano, kuma yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne.

Saura abin da za ku roƙa, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yin asara. Kowa kwalta yake so, na kuma san dalili. Amma a al'adar injiniyoyi ana shimfiɗa kwalta ne inda motoci ke kaiwa ɗaruruwa a rana. Ƙauyen da ke ganin mota goma da babur hamsin, in ya dage sai kwalta, yakan yi shekaru a layi. Ku bi hanyar da ƙafa a tsakiyar damina da waya mai nuna taswira, ku ɗauki hoton duk inda take yankewa. Sau da yawa za ka tarar a cikin kilomita 11 wuri uku ko huɗu ne ke hana mota wucewa: wata mashigar ruwa, wani kwari mai taɓo, wani wuri da zaizaya ta cinye. Idan aka sa kwalbati a nan, aka ɗaga wancan da cikon jar ƙasa, aka yi wa mashigar shimfiɗar kankare da ruwa zai bi ta kai ya wuce, hanya ta buɗe shekara gaba ɗaya da ɗan kaso na kuɗin kwalta. Wannan ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa zai iya ɗauka a shekara guda. Ku rubuta koken hawa biyu: gyaran wuraren nan yanzu, cikakkiyar hanyar burji ko kwalta daga baya. Da mota ta fara shiga, zirga-zirga za ta ƙaru, hujjarku ta hawa na biyu ta ƙara ƙarfi.

Yankinku yana da nasa hali da ya kamata injiniya ya ji daga bakinku. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da yawa, ruwa ya koma bin inda da ba ya bi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna iyakar da yake iya kaiwa. Hanyar da aka ɗaga a tsakiyar fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba takan zama madatsa: ruwa ya taru a gefe ɗaya ya cinye gonaki, in ya yi ƙarfi ya fasa ta ya wuce. Ku sa dattawa su nuna wa masu awo inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, a jikin bishiya ko bango, su nuna tsofaffin hanyoyin ruwa da suka bushe. Ƙasar taɓo tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka ba a cika hanya da ita, sai an ɗauko marmara daga wani wuri, kuma nisan ramin da za a ɗebo ta yana cikin abin da ke tsadar da aiki. In kun san inda take kusa, ku faɗa a takardar.

Ku kuma warware maganar gonaki tun kafin gireda ta iso. Faɗaɗa hanya da haƙa lambatu zai ci gefen gonar wasu, kuma na ga aikin da ya tsaya cak saboda mutum biyu sun ƙi. A zauna gaban dagaci, in ya yiwu har hakimi, a rubuta wanda ya yafe da wanda ke neman diyya, a haɗa da koken. A ƙarshen takardar ku faɗi abin da ku za ku ɗauka: aikin gayya na yashe lambatu da bakin kwalbati kafin ruwan farko, cike ramuka tun suna ƙanana, da hana manyan motocin yashi da na itace shiga a makonnin da ƙasa ta jiƙe sharkaf, domin tifa ɗaya a Agusta tana iya ɓata abin da babura ba za su ɓata a shekara ba. Ku sanya sunan kwamitin da zai kula da wannan, da yadda za a tara kuɗin, ko da mudun shinkafa ne daga kowace tukunya a lokacin girbi. Takardar kada ta wuce shafi biyu, sauran bayanan su zo a maƙale a bayanta, kuma ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa daga kowane ofishin da kuka kai.